Yatsun NyaHarawa

Ranar da shugaba Adada Msiska ya tara ma'aikatan kwalejin koyon sana'a a ɗakin shan shayi ya ce za a sauya wa kwamfutoci manhaja, sakatariyarsa NyaHarawa tana cikinsu. Tana zaune kusa da taga da kofi a hannu, ruwan Mzuzu na ta yayyafin nan nasa da ba ya gajiya, ita kuwa ta zuba wa shugaban ido tana jiran ƙarshen zancen. Shekara goma sha ɗaya tana aiki a ƙarƙashinsa, ta san ba ya fitowa da ainihin abin da ya kawo shi sai ya kusa tashi. Haka kuwa aka yi. Sai da ya gama bayanin cewa kwamfutocin sun tsufa, sabuwar Windos ba za ta hau kansu ba, kwalejin kuma ba ta da ƙarfin sayen wasu, sannan ya cire tabarau ya goge, ya ce kwamitin amintattu ya ga sakatarori biyu sun yi wa ofis yawa. Bayan bikin yaye ɗalibai na watan Yuni za a bar ɗaya. Wadda ta fi tafiya da sabon tsari ita za ta zauna.

Ba wanda ya waiwayo ya dube ta, wannan ne ma ya fi mata ciwo. Sakatarorin biyu ai ita ce da Wezi. Wezi shekararta talatin da huɗu, ga 'ya'ya uku, ga miji direban tasi wanda motarsa ta fi zama a gareji. NyaHarawa kuwa hamsin da bakwai, shekara ashirin da shida a kan kujera ɗaya, ga mijinta Baban Tiwonge a gida can unguwar Chiputula, ciwon suga ya cinye masa ƙafa ɗaya yana lallaɓa ta biyun. Idan ta rasa kujerar nan, ba wanda zai ɗauki tsohuwa aiki a garin nan, ta san da haka kamar yadda ta san sunanta.

Wanda ya kawo maganar sabuwar manhajar tun farko shi ne Chavula, malamin kwamfuta na kwalejin. Dogo ne siriri, kullum cikin suwaita ruwan toka da gwiwar hannu ta fara yagewa. Mutumin kirki ne, ba mai musun wannan, sai dai ya riƙe manhajar nan, Linuks, yadda sabon tuba yake riƙe addini. Ya sa wa kwamfutar gidansa, ya sa wa ta matarsa, ya sa wa ta surukarsa, har faston cocinsu bai tsira ba. Shekara uku yana bin Adada Msiska da zancen, sai da talauci ya taya shi wa'azi aka saurare shi.

"Chavula, abin nan naka kyauta ne fa aka ce," in ji malamin walda, yana tsoma mandasi, fanken garin, cikin shayi. "Araha ba ta ado."

"Iskar da kake shaƙa ma kyauta ce, ban ga ka mayar ba."

"Iska ba ta taɓa cinye mini jarrabawar ɗalibai ba."

"Kai da ko linzami ba ka iya riƙewa, kana kama shi kamar za ka yi masa walda, me za a cinye maka?"

Aka yi dariya. NyaHarawa ma ta ɗan motsa baki don kada a ce.

Ranar wata Asabar Chavula ya yi aikinsa. Da ta zo Litinin ta kunna kwamfutar, sai ta ji kamar matar da ta dawo daga tafiya ta tarar an shiga ɗakin girkinta an sauya wa kowace tukunya mazauni. Komai yana nan, in ji Chavula, kuma gaskiya ya faɗa, amma ba a inda hannunta ya sani ba. Ita kuwa dama ba da ido take aiki ba. A kan tafireta ta koyi bugu, a hannun wata sista 'yar Sikotilan mai dukan yatsu da rula, tun daga nan ilimin ya sauka daga kanta ya tare a yatsu. Yanzu yatsun su ruga su danna abin da suka saba dannawa, wani abu dabam ya buɗe, ko kuma shiru. Wasiƙar da take gamawa kafin shayi ya huce, ranar nan sai da ta ci mata kusan awa ɗaya.

Wezi kuwa mita ta dinga yi da ƙarfi. Kwana uku tana zagin manhajar da wanda ya ƙirƙiro ta, tana leƙawa baranda tana ƙwala wa Chavula kira kamar mai kiran yaronta. Ya zo sau ashirin idan bai fi ba. Ranar ta huɗu sai aka ji ta yi shiru, madannai suna ta ƙara a teburinta. NyaHarawa ba ta kira shi ko sau ɗaya ba. Ita ta koya wa Wezi yadda ake tsara wasiƙa lokacin da yarinyar ta zo ba ta san hagu da dama ba, yanzu kuma a gabanta za ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba? Mai kallo daga nesa zai ce girman kai ne, rawanin tsiya. Ba shi ba ne. Tsoro ne tsagwaronsa, domin ofishin Adada Msiska bango ɗaya ne tsakani, kuma bangon katako ne, yana jin duk wanda aka kira da sau nawa aka kira shi.

A gida akwai wata kwamfutar cinya da 'yarta Tiwonge ta kawo mata daga Lilongwe shekarun baya, mai tsohuwar manhaja, komai a mazauninsa. Da wasiƙa ɗaya abin ya fara. Adada Msiska ya ba ta rubutun hannu da la'asar ya ce da safe yake so, ta cusa a jaka ta hau keken haya ta tafi da shi. Kafin ruwan sima, tuwon masararsu, ya tafasa ta gama. Da safe ta sa filash a kwamfutar ofis, ta buɗe, ta buga. Shugaban ya karanta ya sa hannu ba tare da ya gyara ko waƙafi ba.

Daga nan ya zame mata hanya. Da rana ta yi ta 'yan kame-kame, amsa waya, jera fayiloli, ta buɗe wani shafi tana ɗan taɓa madannai idan an shigo. Ƙarfe huɗu da rabi ta kwashi aikin ranar ta kai gida.

"NyaHarawa," in ji Baban Tiwonge wata yamma, yana zaune bakin ƙofa da ƙafarsa a kan kujera 'yar tsugune, "ni dai na yi shekara talatin ina jan motar katako daga dajin Chikangawa, ban taɓa kawo gungume gida na kwana da shi ba. Ke wane irin ofis ne naku?"

"Ka ci kifinka, Baban Tiwonge."

"Ina ci. Amma wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ba zai ɓoye shi ba. Dubi ƙafata ki gani, wata shida na yi ina cewa ƙaya ce."

"Zuwa Yuni ne kawai. Idan aka wuce Yuni sai na zauna na koya a tsanake."

Ya dube ta, ya tsame ƙaya daga bakinsa ya ajiye gefen kwano.

Abin da ba ta zata ba shi ne yabo. Wata guda da sauyin, Chavula ya miƙe a ɗakin shayi ya ce yana so kowa ya ji. Malaman da ke ƙorafi su je su ga Amama NyaHarawa, yadda suke kiran babbar mace don girmamawa. Ita ce babba a ma'aikata, ba ta taɓa kiransa ba ko sau ɗaya, kuma aikinta bai ragu da ko layi ba. Ya ce har ya ba da labarinta a taron masu Linuks da suke yi duk ƙarshen wata, an tafa mata ba ta nan. Idanunsa har ƙyalli suke yi. Adada Msiska ya gyaɗa kai yana dubanta ta saman tabarau, Wezi kuwa ta sunkuyar da kai cikin kofinta. NyaHarawa ta samu abin da take nema, kujerar ta fara karkatowa wajenta, amma ba ta taɓa jin ƙyamar kanta kamar ranar ba.

Da aka watse ya biyo ta baranda.

"Amama, na ji kuna da ta cinya a gida. Ku kawo mini ita ran Juma'a na sa muku, ba za ku biya ko kwacha ɗaya ba. Sai ku huta, gida da ofis duk abu ɗaya."

"Ta Tiwonge ce, ɗana. Ba na taɓa kayan yara sai da izininsu."

"Ku ba ni lambarta na yi mata bayani."

"Aikin asibiti take yi, ba ta ɗaukar waya."

Ya yarda. Chavula irin mutanen nan ne da ba sa ƙarya, don haka ba sa jin ƙamshinta a bakin wani.

Sai ga Yuni ya ƙarato, da shi kuma aikin satifiket. Wannan shi ne aikin da ya sa sunan NyaHarawa ya zauna a kwalejin. Takardun ana bugo su ne daga Blantyre, masu kauri, da tambarin zinariya da lamba a kusurwar kowacce, an bar layuka uku fili: na suna, na sana'a, na kwanan wata. Kowace lamba tana cikin rajistar kwamiti, idan ɗaya ta lalace sai an rubuta dalili. Shekara ashirin da shida NyaHarawa ba ta taɓa lalata ko ɗaya ba, kuma hanyarta ba ta sauya ba tun zamanin tafireta. Ta sauko layi goma sha bakwai da madannin sauka, ta iso wurin suna. Ta ƙirga haruffan sunan, ta raba biyu, ta ɗebe daga tsakiyar shafi, ta tura da madannin tazara ɗaya bayan ɗaya har sunan ya zauna daram a tsakiya. Ta sauko huɗu ta rubuta sana'a, ta sauko uku ta rubuta kwanan wata, sannan ta yi ta sauka har shafin ya ƙare na gaba ya fara. Haka ɗalibi bayan ɗalibi, duk a fayil ɗaya. Saboda wannan aikin ake ɗauke mata komai na sati biyu duk shekara, a rufe mata ƙofa, ko Adada Msiska sai ya ƙwanƙwasa.

Bana ɗalibai tamanin da shida ne. Chavula ya same ta da fara'arsa.

"Amama, akwai wata hanya da zan nuna muku. Shafi ɗaya kawai za ku tsara. Sunayen kuma suna cikin jeri, sai na'ura ta riƙa ɗauko su tana zubawa da kanta. Ko a tsohuwar manhaja ma akwai ta, mutane ne ba su damu ba. Minti goma ya isa na koya muku."

"Na san ta," ta ce.

"Ai na sani. Ku da ba a koya muku komai."

Ba ta san ta ba, amma ta fahimci abin da ya faɗa sarai, har ya fi yadda shi ya fahimta. Idan na'ura za ta zuba sunaye da kanta cikin minti goma, to sati biyun nan na mene ne? Ƙofar da ake rufe mata ta mece ce? Ta koma teburinta, ta ƙudura a ranta cewa satifiket ɗin bana ma da hannunta za su fita, yadda suka saba.

Sati biyun nan ta rufe ƙofa a ofis tana kallon bango, da yamma ta yi aikin a gida. Ta ƙirga haruffan Lusungu Kamanga mai ɗinki, ta ƙirga na Yotamu Zgambo kafinta, har ta kai na tamanin da shida. Ta bi su sau uku da yatsa a kan gilashin. Ba kuskure ko na ɗigo.

Alhamis da safe, saura kwana biyu biki, Adada Msiska ya buɗe akwatin ƙarfe ya ƙirgo mata takardu tamanin da shida a hannu. Ta sa filash, fayil ya buɗe, shafin farko ya fito kamar yadda ta bar shi. Ta sa takarda ɗaya a firinta don gwaji, kamar kullum. Ta fito da ɗuminta. Ta kai ta taga ta duba: suna a kan layinsa, sana'a a kan nata. Idan ma akwai bambanci bai fi kaurin gashi ba, ta ce idonta ne. Ta jera sauran tamanin da biyar, ta danna.

Daidai nan Adada Msiska ya leƙo ya ce shugaban kwamiti ya iso, ta kawo shayi ta kuma zauna ta ɗauki bayanin ganawar. A da, ko gobara ake yi ba ta barin firinta ranar satifiket. Amma watan Yuni ne, kuma shugaban kwamiti ne, mutumin da zai sa hannu a kan wadda za ta zauna. Ta ɗauki tire ta tafi, firinta na ta aikinta a bayanta.

Minti arba'in ta yi. Da ta dawo ta tarar da Wezi tsaye gaban firinta da takardu a hannu, na'urar tana ƙara tana neman ƙarin takarda.

"Amama," Wezi ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "ta ce saura shafi biyu, takardu kuma sun ƙare. Shi ya sa na duba."

NyaHarawa ta karɓa. Ta biyu, sunan ya sauko ƙasa da layinsa kaɗan. Ta uku ya ƙara saukowa. Ta biyar, sunan ɗalibi yana zaune a layin sana'a. Ta yi ta buɗawa, sunayen suna ta gangarowa, suka hau kan wurin sa hannun shugaba, suka hau kan tambarin zinariya. Can tsakiya kuma abin ya rikice gaba ɗaya: wata takardar tana ɗauke da sana'ar wani a sama, da sunan wani dabam a ƙasa. Wata yarinya da ta yi shekara biyu tana koyon girki, takardarta ta ce walda. Ɗaya ce kawai mai kyau cikin tamanin da shida, ta gwajin nan. Ta zauna a kujerar baƙi.

Wezi ba ta yi murna ba, a faɗi gaskiya. Ta ɗebo ruwa ta miƙa mata, ta tsaya tana murza hannu. Amma bangon katako ne, shirun ma ana jinsa. Adada Msiska ya shigo, ya ɗauki takardun ya duba biyar ko shida, ya ajiye a hankali. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce a kira Chavula.

"Ga abinka na kyauta," ya ce da ya shigo. "Shekara ashirin da shida matar nan ba ta ɓata takarda ɗaya ba. Wata uku da zuwan manhajarka, ga tamanin da biyar. Me zan gaya wa kwamiti? Mutumin yana ofishina yanzu haka yana shan shayi."

Chavula ya zauna a kujerarta, ya duba fayil ɗin. Ya danna wani abu, sai ga duk tazarar da ta tura da duk saukar da ta yi sun bayyana a gilashin, ɗigo-ɗigo da 'yan alamu, dubbai, kamar tururuwa sun samu suga. Ya daɗe yana kallo. Ya buɗe wani ɗan akwati ya karanta, ta ga wuyansa ya ƙage. Ba sai an gaya mata ba: akwatin ya nuna masa a kan wace manhaja aka rubuta fayil ɗin. Ya buɗe wasiƙar jiya, ya buɗe ta makon jiya, ya buɗe ta watan Afrilu. Sannan ya rufe su duka. Bai waiwayo ya dube ta ba.

"Laifina ne, Adada," ya ce. "Samfurin haruffan da Amama suka saba da shi babu shi a nan. Na'ura ta sa mai kama da shi, amma ya ɗan fi tsayi kaɗan, sai kowane shafi ya rasa layi ɗaya, abin ya yi ta taruwa. Ni ya kamata na duba tun farko. Ku rubuta sunana a rajista."

NyaHarawa ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, gajeriya ce, a gida na rubuta. Ta tuna ƙafar Baban Tiwonge, ta rufe bakin. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Sunanka ba zai yaye ɗalibai ran Asabar ba," in ji shugaban. "Akwai takardun baɗi a akwati, zan ɗauki nauyin taɓa su. Amma aikin sati biyu ne, mu kuma kwana biyu gare mu."

"Ba zai kai haka ba. Wezi, kina da jerin sunayen nan da kika yi na rabon riguna?"

"Yana nan, da sana'ar kowa."

"Turo mini."

Da ya san abin da yake yi, da wataƙila ya ce su fita su ba shi wuri, ya ja aikin zuwa yamma. Amma Chavula ne. Yana so ya ceci bikin, yana so ya wanke manhajarsa, yana so ya cire Amama daga cikin kunya da sauri, duk a lokaci ɗaya. Ya ɗauki rula ya auna layuka ukun a jikin takardar. Ya tsara shafi ɗaya. Ya ce Wezi ta matso ta gani, ya nuna mata inda za ta danna, ita ta danna da hannunta. Suka gwada a farar takarda, suka ɗora a kan satifiket suka ɗaga wa taga. Daidai. Adada Msiska ya kawo takardun baɗi, ya tsaya a kan firinta da kansa yana ɗaukar kowace ɗaya tana fitowa. Kowane suna a tsakiya, kowace sana'a a layinta. Da ta ƙarshe ta fito ya dubi agogon hannunsa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Adada."

"Minti goma sha takwas." Ya daidaita takardun a kan tebur, ya juyo ya dubi NyaHarawa. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Mamaki ne kawai irin na mai lissafi a zuci. "Amama, wannan ne aikin da muke rufe muku ƙofa sati biyu?"

Bai jira amsa ba, ya kwashi takardun ya koma wajen baƙonsa.

Da aka tashi Chavula ya tare ta a bakin ƙofar kwaleji, tana jiran keken haya a ƙarƙashin lema. Ruwa ya jiƙa masa suwaita bai ma kula ba.

"Amama, me ya sa ba ku faɗa mini ba? Wata uku. Ina ta yawo da sunanku a gari."

"Da na faɗa maka, da ka koya mini?"

"Ƙwarai kuwa. Ko a gidanku ne, ba wanda zai sani."

"Har da na satifiket ɗin."

"Har da shi."

"To ka ga abin da na guda, ɗana. Yau ka koya wa kowa."

Ya tsaya yana dubanta, ta ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Fuskarsa ta faɗi. Ya ce shi taimako ya yi niyya, ta ce ta sani, kuma ta gode da abin da ya ɗauka a kansa, Allah ya saka masa. Ya ce zai je ya yi wa shugaba magana, ta ce kada ya soma, Wezi ma 'ya'ya uku gare ta. Mai keke ya tsaya, ta hau baya ta gyara zaninta.

Ran Asabar aka yi biki. Aka yi waƙoƙi, iyaye mata suka yi guɗa, ɗalibai suka karɓi takardunsu suna ɗagawa sama ana ɗaukar hoto. NyaHarawa tana gefen dandamali tana miƙa wa shugaba su ɗaya bayan ɗaya. Ta san adadin haruffan kowane suna da aka kira, ba ta iya hana kanta ƙirgawa ba.

Baban Tiwonge bai ce ai na gaya miki ba. Da ta ba shi labari sai ya ce gobe ta sayo masa bandeji idan ta fita, wanda ke ƙafar ya jiƙe. Kwamfutar cinyar tana kan tebur a rufe, ba wanda ya taɓa ta duk ƙarshen makon.

Laraba da hantsi Adada Msiska ya kira ta ofis. Ya ba ta kujera, abin da bai saba ba, ya yi maganganu masu daɗi game da shekara ashirin da shida, ya ce za a yi mata walimar bankwana a ɗakin shayi ƙarshen wata. Maganar takardun da suka lalace bai ko taɓo ta ba, wannan an rubuta shi a kan Chavula an wuce wurin. Sannan ya miƙo mata ambulan.

Ta dawo teburinta ta buɗe. Wezi ta tashi ta ce za ta je ɗebo ruwa, ta fita da butar da ke cike. A ƙasan wasiƙar, inda mai bugu ke sa haruffan sunanta, na Wezi ne. NyaHarawa ta sa tabarau ta karanta tun daga kwanan wata har sa hannu, tana bin kowane layi da yatsa. Ta sake karantawa daga farko. Tana neman waƙafi ɗaya da ya kauce, ko tazara ɗaya da ta yi yawa, wani ɗan abu da za ta zagaye da jan biro ta mayar a gyara. Ba ta samu ba.